JIJIYAR DA BA TA KAI KAURIN ZARE BA: Tarihin ƙarin ruwa ga jarirai, da darasin da Anka da Bukkuyum suka bar mana

Wannan makon ni aka ɗora wa nauyin maƙala, kuma na zaɓi in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da kusan kowannenmu ya taɓa gani, amma ba mu cika tambayar asalinsa ba, wato 'yar robar nan da ake saka wa a jijiyar jariri don a yi masa ƙarin ruwa ko a ba shi magani, wadda ma'aikatan asibiti ke kira kanula.

Abin da ya ja hankalina gare ta ya faru ne a damanar bara. Yayata ta haihu a gida, kwana uku da haihuwa yaron ya daina kama nono, jikinsa ya yi zafi. Muka ɗauke shi sai asibiti. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon wata nas ta riƙe hannunsa tana murzawa, tana haska shi da 'yar tocila. Ta soka allura a bayan hannu, ba ta samu ba. Ta gwada ɗaya hannun, nan ma shiru. Innarmu ta kasa daurewa, ta ce, "Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah, wannan ɗan tayin za ki yi ta caka wa allura?" Nas ɗin ta ɗago ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na gwada sau biyu, ba zan ƙara ba. Bari in kira wadda ta fi ni." Babbar tasu ta zo, ta sa aka naɗe ƙafar yaron da tsumma mai ɗumi na ɗan lokaci, ta duba gefen idon sawu, soka ɗaya ta samu. Kwana biyar ana ba shi magani ta jijiya, yau ga shi yana rarrafe.

Tun daga ranar nake bincike, kuma binciken ya kai ni wurare biyu: Turai ta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, da kuma ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum a 2010.

DAGA GASHIN TSUNTSU ZUWA ROBA

A 1656, a garin Oxford na Ingila, wani masani mai suna Christopher Wren ya haɗa bututun gashin tsuntsu da mafitsarar dabba, ya ɗura wa kare magani kai tsaye a jijiya. Wannan na cikin gwaje-gwajen farko da tarihi ya adana. Sai dai an daɗe abin bai amfani marasa lafiya ba, domin a wancan zamani ba a san ƙwayoyin cuta ba, ba a kuma san irin ruwan da jini ke karɓa ba.

Annobar amai da gudawa ce ta dawo da maganar. A 1832, lokacin da kwalara ke addabar Birtaniya, wani likita a garin Leith na Sikotilan, Thomas Latta, ya riƙa ɗura wa waɗanda suka galabaita ruwan gishiri ta jijiya. Wasu da aka fidda rai da su suka farfaɗo, ko da yake da yawa sun sake komawa suka mutu. Latta ya rasu a shekara mai zuwa, aikinsa ya kwanta. A 1853 Alexander Wood a Edinburgh da Charles Pravaz a Faransa suka fito da sirinji mai allura mai rami. A shekarun 1880 Sydney Ringer ya gano cewa zuciya na bukatar wasu sinadarai bayan gishiri, ya haɗa ruwan da ake kira da sunansa. A farkon shekarun 1930 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya gyara wannan haɗin saboda yara masu gudawa. Ledar ruwan da kuke gani rataye a asibitocinmu an rubuta Ringer a jikinta, jikar wannan aikin ce.

To amma ruwa daban, hanyar shigar da shi jikin jinjiri daban. Allurar ƙarfe ba ta zama a jijiyar jariri, da ya motsa sai ta huda ta. Saboda haka likitocin farkon ƙarni na 20 suka riƙa ɗura ruwan a ƙarƙashin fata, ko a cikin kogon ciki, ko su tsaga fata a idon sawu su zaƙulo jijiyar su ɗaure mata bututu. A 1931 Samuel Karelitz da Bela Schick a New York suka wallafa yadda suka yi wa jarirai masu gudawa ƙarin ruwa yana ɗiga a hankali ba yankewa. A tsakiyar shekarun 1940 Louis Diamond a Boston ya nuna ana iya bi ta jijiyar cibiya da siririn bututun roba a canza wa jariri jini. Sai a 1950 wani likita a asibitin Mayo da ke Rochester, David Massa, ya lulluɓe allurar ƙarfe da roba, ta yadda in an shiga jijiya sai a zare ƙarfen a bar robar. Wannan ita ce kakar kanular yau. Ke nan tsakanin gashin tsuntsun Wren da robar Massa akwai shekara 294.

ME YA SA NA JARIRI YA FI WUYA?

Jinin jikin sabon haihuwa bai wuce mililita 80 zuwa 90 a kowane kilo na nauyinsa ba. Jariri mai kilo uku, duka jininsa kusan rabin ledar ruwan sha ne, irin wadda muke saya a tasha. Jijiyoyinsa sirara ne, bangonsu ba ƙwari. In yana jin sanyi ko ruwan jikinsa ya ƙare, sai su ƙara lafewa. In bakwaini ne kuwa, fatar ma kanta kamar takarda take. Ga shi fatarmu baƙa ce, jijiya ba ta nuna kanta kamar yadda take a hotunan littattafan da aka buga a Turai, don haka ma'aikacinmu yakan dogara da yatsa da ƙwarewa fiye da ido.

Kanula tana da lamba da launi. Koriya lamba 18 da mai ruwan hoda lamba 20 na manya ne. Shuɗiya lamba 22 ta yara ce da masu siririyar jijiya. Ta jarirai ita ce rawaya, lamba 24, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Akwai ma lamba 26 da ta fi ta sirantaka, saboda bakwaini.

Ga yadda ƙwararru ke yi. Da farko a ɗumama jaririn, domin ɗumi na buɗe jijiya. A wanke hannu, a sa safar hannu, a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya bushe. Ana fara nema daga nesa da gangar jiki, wato bayan hannu ko bayan ƙafa, saboda in an rasa a can akwai sauran wuri a sama. Akwai jijiyar da ke bi ta gaban ƙashin idon sawu ta ciki, wadda ke zaune wuri ɗaya kusan a kowa, ita ce ta ceci ɗan yayata. Wasu kan sa fitila mara zafi a ƙarƙashin tafin hannu, sai jijiyoyin su fito kamar baƙaƙen zare a cikin jan haske. Mutum ɗaya ya riƙe yaron, ɗaya ya ja fatar ta miƙe, ya shigar da allurar a kwance sosai, bakinta na kallon sama, tana fuskantar inda jini ke komawa zuciya. Da ɗigon jini ya leƙo a bayan allurar, sai a ƙara kwantar da ita, a tura robar ita kaɗai, a zare ƙarfen. A ɗura ɗan ruwan gishiri a ga ko wurin zai kumbura. In bai kumbura ba, a manne da filasta, a ɗaura hannun a kan ɗan katako ko kwali mai laushi, a bar yatsu a waje ana ganinsu.

In hannu da ƙafa sun gagara, akan koma fatar kai. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa iyaye hankali, sai su ɗauka allurar za ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ta zuwa ko kusa. Jijiyar tana kwance ne a cikin fata, a saman ƙashin kai, kuma ana kauce wa maɗiga. A kwanakin farko na haihuwa, in abin ya yi tsanani, likita na iya bi ta cibiya kamar yadda Diamond ya koyar. In rai na hannun Allah kuma babu jijiya ko ɗaya, akwai allurar da ake sokawa a ƙashin ƙwauri, ruwan ya bi ta ɓargo ya shiga jini.

Ƙa'idar da nas ɗin nan ta bi, ta tsayawa bayan gwaji biyu ta kira wani, ƙa'ida ce da ake koyarwa a asibitoci da yawa na duniya. Jijiyoyin jariri ƙidayayyu ne, duk wadda aka fasa an rage masa hanya ɗaya.

ABIN DA YA FARU A 2010

Yanzu mu dawo gida. Farashin zinariya a kasuwar duniya, wanda bai kai dala 300 kowane oza ba a 2001, ya haura dala 1,200 a 2010. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda noma ne sana'arsu, suka koma haƙo duwatsu. Ana kawo dutsen cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci, ta shiga ruwa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka. Alamomin su ne amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka aika jini waje aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce. Gwamnatin tarayya da ta jiha, a zamanin Gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi, suka nemi taimako. Hukumar CDC ta Amurka, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da cibiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics suka shigo.

Binciken da aka yi gida-gida a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya nuna cewa a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. A lokacin, in dalma ta kai maki 10 a ma'aunin jini ana ɗaukar abin da damuwa, in ta kai 45 ana fara magani. Na'urar hannu da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. A wasu gidajen, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Jimillar yaran da aka ƙiyasta sun rasu ta haura 400.

A nan ne maganar jijiya ta zama maganar rai da mutuwa. Akwai magunguna da ke kama dalma a cikin jini su fitar da ita ta fitsari. Ɗaya daga cikinsu, EDTA, ta allura ake ba da shi, galibi ta jijiya, na tsawon kwanaki, ana sa ido a kan ƙoda. Ɗayan kuma, DMSA, ana sha ne ta baki. Ku auna da kanku: yara sama da dubu, a ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa da damina, ga ƙarancin ma'aikata, ga kanular ƙaramin yaro da ba ta cika wuce kwana biyu ko uku ba sai an canza. Da a ce kowane yaro sai ta jijiya, da aikin bai yiwu ba. MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, ta dogara da maganin sha, aka keɓe na jijiya ga waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa sosai. Yaron da aka kawo yana jijjiga ko a sume ba ya iya haɗiye komai, shi kam sai an samu jijiya kafin a tsayar da jijjigar a kuma ba shi ruwa da sukari. Rahoton da likitocin suka wallafa a mujallar PLoS Medicine a 2014 ya ƙunshi zagayen magani 3,180 da aka yi wa yara 1,156 a shekarar farko. Duniya ta koyi abu mai yawa game da wannan maganin daga yaran Zamfara.

Jarirai ma ba su tsira ba, domin dalma na ratsa mahaifa ta shiga jinin ɗan tayi. Yaro na iya zuwa duniya da gubar a jikinsa tun bai taɓa ƙasa ba.

Wani darasin shi ne magani ba ya aiki in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Dole aka fara kankare saman ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. An yi wa Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza suka biyo baya zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. A watan Mayu na 2012 aka yi taro a Abuja inda maganar naira miliyan 850 ta gwamnatin tarayya ta fito, amma kuɗin ba su sauka ba. Human Rights Watch ta yi ta magana. Wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka ɗauki gangamin ceto Bagega a Twitter da Facebook. A watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka share Bagega a wannan shekarar, sannan aka fara ba yaranta magani. Duk mai cewa rubutu a intanet ɓata lokaci ne, ya tuna da Bagega. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar Zamfara.

RUWAN DA MUKE SO FIYE DA ƘIMA

Akwai wani ɓangare da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu mutane ne masu son ƙarin ruwa. Mutum ya je asibiti a ba shi ƙwayoyi, sai ya dawo yana cewa ba a duba shi ba. Wannan ya sa a garuruwanmu ake rataya leda a shagon magani ko a ɗaki, a hannun wanda bai koyi aikin ba. Ga babba ma haɗari ne, balle jariri.

Jaririn kwana ɗaya mai kilo uku, ruwan da jikinsa ke bukata a yini da dare bai wuce mililita 180 ba, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan kowace rana. Ledar ruwa guda mililita 500 ce. In aka sake ta ta zube masa a awa biyu, zuciyarsa da huhunsa ba za su ɗauka ba. Shi ya sa ake auna ruwan jarirai a wani ɗan bututu mai lambobi, ana ƙirga ɗigo. Wani babban bincike da aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara yawan mutuwa maimakon ragewa. A ɗaya ɓangaren kuma, binciken 2010 da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka, har da Ilorin, ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ke nan jijiya hanya ce mai daraja, amma sai ga wanda ke bukatarta, a hannun wanda ya iya. Yaro mai gudawa da ke iya sha, ruwan gishiri da sukari na ORS da nonon uwa sun fi masa leda.

INDA MUKE A YAU

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya na mutuwa kafin su cika wata guda. A yankinmu yawancin haihuwa a gida ake yi. Jaririn da ya rikice a ƙauyen Gummi ko Bukkuyum, sai an kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma, in ya fi ƙarfinsu a wuce Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kowa ya san halin da hanyoyin nan ke ciki saboda 'yan bindiga, ba a fita da dare. Awannin da ake ɓatawa ana jiran gari ya waye, su ne awannin da jijiyar yaro ke ƙara lafewa. Haƙar zinariya kuma ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta hana ta a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024, kuma duk inda aka koma niƙa dutse a cikin gida, dalma na iya dawowa.

Abin da nake roƙon mu riƙe kaɗan ne. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar. In an sa masa kanula, mai jinya ta riƙa duba wurin. Da ta ga kumburi, ko ja, ko fatar ta yi fari, ko yatsu sun yi sanyi, ko yaron na tsala kuka duk lokacin da aka ɗura magani, ta kira nas nan take, domin ruwan da ya zube a wajen jijiya na iya ƙona fata ya bar tabo. Kada a taɓa maƙunnin ledar don ruwan ya yi sauri. Kada a jiƙa filastar. In za a soka allura, a bar uwa ta rungume shi ko a ɗiga masa nono a baki, yana rage masa zafi. Masu sana'ar zinariya kuma su bar dutse da kayan aiki a wajen gari, su wanke jiki su canza tufafi kafin su ɗauki yaro.

Ga shugabanninmu da 'yan majalisarmu na Anka, Gummi da Bukkuyum, tambayar da za mu riƙa yi musu mai sauƙi ce: akwai rawayar kanula a asibitinmu? Akwai bututun auna ruwan jarirai? Ma'aikata nawa ne a ɗakin yara da dare, kuma yaushe rabon da a tura su horo?

Ranar da aka sallami ɗan yayata, Innarmu ta nemi nas ɗin nan ta farko ta ce mata, "'Yata, ki yafe mini maganar da na faɗa miki." Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Ba komai Inna, kullum muna jin wadda ta fi ta." Na daɗe ina tunanin wannan amsar.

Wanda ya shaida abin da ya faru a Dareta, 'Yargalma, Abare ko Bagega, ko yake aikin jinya a ɗakin yara, ya ƙara mana da abin da ya sani a ƙasa, in na yi kuskure kuma a gyara mini. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya saka wa ma'aikatan jinyarmu da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.